Yazidawan Lincoln: Yadda 'yan gudun hijira suka yi fama da annobar korona a Amurka

A ranar 11 ga watan Maris na shekarar 2020 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar korona a matsayin annobar da ta game duniya. A lokacin, shekaru shida ba su cika ba da harin da mayaƙan ƙungiyar IS suka kai wa Yazidawa a yankin Sinjar na arewacin Iraƙi.

Dubban waɗanda suka tsira daga wannan hari sun samu mafaka a ƙasashen Jamus da Kanada da Ostireliya da kuma Amurka. A Amurka, babu garin da ya kai Lincoln, babban birnin jihar Nebraska, yawan Yazidawa, inda aka ƙiyasta adadinsu da kimanin 3,000.

Matakan da hukumomi suka ɗauka na hana cunkoso da rufe makarantu da ofisoshi sun shafi kowa da kowa a birnin. Sai dai ga al'ummar da addininta da zumuncinta suka dogara kan haɗuwa ido da ido, kuma wadda ke ɗauke da tabon kisan ƙare dangi, lamarin ya zo da nauyi na daban.

Su wane ne Yazidawa?

Yazidawa wata ƙaramar al'umma ce mai addini na kanta, wadda asalin mazauninta ke arewacin Iraƙi, da wasu sassa na Siriya da Turkiyya. Akwai kuma tsofaffin al'ummominsu a Armeniya da Jojiya.

Akasarinsu na magana ne da Kurmanji, ɗaya daga cikin manyan karuruwan harshen Kurdanci, ko da yake mutanen garuruwan Bashiƙa da Bahzani da ke kusa da Mosul Larabci suke yi.

Sun yi imani da Ubangiji ɗaya wanda ya halicci duniya, sa'annan ya damƙa kula da ita ga mala'iku bakwai. Babba daga cikin mala'ikun shi ne Malak Tawus, wanda suke alamta shi da ɗawisu.

Maƙwabtansu sun daɗe suna danganta wannan mala'ika da Iblis, har suna kiransu masu bautar Shaiɗan. Yazidawa na musanta wannan zargi da kakkausar murya, suna masu cewa shi ne aka riƙa fakewa da shi wajen zubar da jininsu shekaru aru-aru.

Wuri mafi tsarki a wajensu shi ne kwarin Lalish da ke gundumar Shekhan, inda kabarin Sheikh Adi ibn Musafir yake, wanda ya rasu a ƙarni na 12 Miladiyya. Ana son kowane Bayazide ya ziyarci wurin ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa.

Ba a shiga addinin sai dai a haifi mutum a cikinsa, kuma ba sa aure da wanda ba nasu ba. Al'ummar ta kasu gida uku: Shehunai da Pirai, waɗanda ke jagorancin ibada, da kuma Muridai, wato sauran jama'a. Mafi yawan koyarwar addinin ba a rubuce take ba, ana haddace ta ne daga baki zuwa baki.

Harin shekarar 2014

A ranar 3 ga watan Agustan 2014 mayaƙan IS suka afka wa Sinjar, yankin da ke da Yazidawa kimanin 400,000 a lokacin. Dubun-dubatar mutane suka haye kan dutsen Sinjar cikin tsananin zafi, babu ruwa babu abinci, inda yara da tsofaffi da dama suka mutu.

An kashe dubban maza da tsofaffin mata, aka kuma yi awon gaba da mutane fiye da 6,000, akasarinsu mata da ƙananan yara. An sayar da matan a matsayin bayi, yayin da aka tilasta wa yara maza shiga sansanonin horar da mayaƙa. A ƙauyen Kocho kaɗai an kashe ɗaruruwan mutane a ranar 15 ga watan na Agusta.

A watan Satumba na wannan shekara, malaman Musulunci fiye da 120 daga sassa daban-daban na duniya suka rattaba hannu kan wata buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban IS, Abubakar al-Baghdadi, inda suka yi tir da kisan Yazidawa da kuma dawo da bauta. Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, na cikin waɗanda suka sa hannu.

A watan Yunin 2016 wani kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar da cewa abin da aka yi wa Yazidawa kisan ƙare dangi ne. Nadia Murad, wadda aka sace daga Kocho ta kuma kuɓuta, ta samu lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a shekarar 2018.

Me ya kai su Lincoln?

Lincoln birni ne mai mutane kimanin 290,000 a tsakiyar Amurka, wanda gonakin masara suka kewaye, kuma ya yi suna wajen karɓar 'yan gudun hijira tun zuwan mutanen Vietnam a shekarun 1970.

Iyalan Yazidawa na farko sun isa birnin ne a ƙarshen shekarun 1990, bayan sun shafe shekaru a sansanin 'yan gudun hijira a Siriya, sakamakon yaƙin Tekun Fasha na 1991.

Rukuni na biyu ya ƙunshi matasan da suka yi wa sojojin Amurka aikin tafinta bayan mamayar Iraƙi a 2003. Da rayuwarsu ta shiga haɗari, sai aka ba su biza ta musamman su da iyalansu. Rukuni na uku kuwa shi ne na waɗanda suka zo bayan harin 2014.

Kowane rukuni ya riƙa bin sawun dangin da suka riga shi, domin gidan haya da kayan masarufi sun fi sauƙi a Lincoln fiye da manyan birane, ga kuma ayyukan yi a masana'antu.

A kwanakin farko na harin, Yazidawan Lincoln na cikin waɗanda suka tafi birnin Washington suka yi zanga-zanga a gaban fadar White House, suna kuma miƙa wa jami'an Amurka bayanan da 'yan uwansu ke aiko musu ta waya daga kan dutse. Daga wannan yunƙuri ne aka kafa ƙungiyar Yazda, wadda daga baya ta buɗe cibiyar raya al'adu a Lincoln.

Haka kuma al'ummar ta haɗa kuɗi ta sayi fili kusa da ƙauyen Malcolm, a wajen birnin, ta mayar da shi maƙabarta. Kafin nan, iyalai kan kashe maƙudan kuɗaɗe wajen mayar da gawa Iraƙi.

Shigowar annoba

An tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar a Nebraska a ranar 6 ga watan Maris na 2020, a birnin Omaha. Cikin makonni kaɗan aka rufe makarantu, aka kuma taƙaita taron jama'a zuwa mutum 10.

Gwamnan jihar na lokacin, Pete Ricketts, bai kafa dokar hana fita ba, saɓanin akasarin takwarorinsa. Amma hukumomin Lincoln, ƙarƙashin magajiyar gari Leirion Gaylor Baird, sun wajabta sanya takunkumin fuska a wuraren taruwar jama'a daga watan Yulin 2020.

Shawarar da jami'an lafiya suka fi nanatawa ita ce wanda ya kamu ya keɓe kansa a ɗaki guda. Hakan na da wuya a gidajen da kakanni da iyaye da jikoki ke zaune tare, kamar yadda yake a gidajen Yazidawa da dama, inda ake cin abinci a faifai ɗaya, ake kuma ɗaukar barin marar lafiya shi kaɗai a matsayin abin kunya.

Galibin ayyukan da sababbin 'yan gudun hijira ke samu, kamar aikin masana'anta da shaguna da goge-goge da tuƙin mota, ba su yiwuwa daga gida. Saboda haka wasu sun rasa aikinsu, wasu kuma sun ci gaba da fita kullum, suna komawa gida wajen tsofaffin iyayensu cikin fargaba.

Haɗarin ya fito fili a watannin Afrilu da Mayu na 2020, lokacin da cutar ta ɓarke a masana'antun sarrafa nama na jihar, ciki har da ta garin Crete da ke kusa da Lincoln, inda baƙi da 'yan gudun hijira na ƙasashe daban-daban ke aiki kafaɗa da kafaɗa. A ƙarshen Afrilu shugaba Donald Trump ya ba da umarnin a ci gaba da buɗe irin waɗannan masana'antu.

Matsalar harshe

Sanarwar hukumomi kan fito ne da Ingilishi, sa'annan a fassara ta zuwa harsuna irin su Sifaniyanci da Larabci da harshen Vietnam. Ga Yazidawa, fassarar takarda ba ta warware matsalar gaba ɗaya.

A Sinjar an daɗe ana karatun boko da Larabci, don haka mutane da yawa na jin Kurmanji amma ba sa karanta shi. Tsofaffi da dama, musamman mata, ba su taɓa shiga aji ba. Bugu da ƙari, Kurdancin Sorani da wasu tafintoci ke yi ya bambanta ƙwarai da Kurmanjin Sinjar.

Akwai kuma wani ɓangare mai sosa rai. Wasu daga cikin matan da aka tsare a hannun IS na jin raɗaɗi in aka yi musu tafinta da Larabci, harshen waɗanda suka azabtar da su.

Wannan ya sa saƙon baki ya fi na rubutu tasiri. Matasa masu jin Ingilishi, da tsofaffin tafintocin soja, su ne suka zame wa al'ummar gada, suna fassara bayanan lafiya, suna yaɗa su ta saƙon murya da bidiyo a WhatsApp da Facebook.

Su ne kuma suka riƙa taimaka wa iyalai wajen cike takardun neman tallafi ta intanet. Dokar agaji da majalisar dokokin Amurka ta zartar a ƙarshen Maris na 2020 ta tanadi dala 1,200 ga kowane baligi mai ƙaramin ƙarfi, da dala 500 ga kowane yaro, da kuma ƙarin dala 600 a mako ga waɗanda suka rasa aiki. 'Yan gudun hijirar da gwamnati ta tsugunar sun cancanci wannan tallafi, amma samun kuɗin rashin aikin yi sai da cike takardu masu sarƙaƙiya da Ingilishi.

Yara da makaranta

Makarantun gwamnati na Lincoln sun kammala zangon karatu na 2020 ne ta intanet. A watan Agusta aka sake buɗe su, tare da bai wa iyaye zaɓin barin 'ya'yansu su bi darasi daga gida.

Ga yaron ɗan gudun hijira, makaranta ta wuce wurin darasi kawai. A nan yake koyon Ingilishi ta hanyar cuɗanya da sa'o'insa, a nan yake samun abincin rana, a nan kuma malamai ke lura idan yana cikin damuwa.

Yaran da suka shafe shekaru a sansanoni ba tare da cikakken karatu ba su ne suka fi jin jiki, ganin cewa iyayen da ba sa karanta Ingilishi ba za su iya duba musu aikin gida ba. Nauyin ya faɗa kan yayye, waɗanda suka haɗa nasu karatun da koyar da ƙanne da kuma yi wa iyaye tafinta da likita ta waya.

Darussan Ingilishi da na shirin jarrabawar zama ɗan ƙasa da ake yi wa manya su ma sun koma intanet. Hukumar shige da fice ta rufe ofisoshinta daga tsakiyar Maris zuwa farkon Yuni na 2020, abin da ya jinkirta rantsar da sababbin 'yan ƙasa. Jinkirin na da muhimmanci ga tsofaffi da naƙasassu, domin tallafin da gwamnatin tarayya ke ba su na yankewa bayan shekaru bakwai muddin ba su zama 'yan ƙasa ba.

Ibada da zaman makoki

Yazidawa ba su da sallar jam'i ta mako-mako. Mutum kan yi addu'arsa shi kaɗai yana fuskantar rana. Bukukuwan shekara da ɗaurin aure da jana'iza su ne ke tara jama'a, kuma su ne annobar ta dakatar.

Bikin sabuwar shekararsu, wanda suke kira Jar Laraba, ya faɗo ne a ranar 15 ga Afrilun 2020, daidai lokacin da aka hana taro. A al'ada ana rina ƙwai kala-kala, a liƙa jajayen furanni a ƙofar gida, a ziyarci kaburbura, a kuma kunna ɗaruruwan fitilu a Lalish. A wannan shekarar, a Iraƙi da ƙasashen waje, kowa ya yi bikin ne a gidansa.

Zaman makoki shi ne ya fi taɓa zukata. Idan aka yi rasuwa, dangi da maƙwabta kan cika gidan mamaci na tsawon kwanaki ana ta'aziyya, kuma Shehi ko Pir na iyalin yana da rawar da yake takawa wajen shirya gawa. Ƙa'idar mutum 10 ta sa an koma yin ta'aziyya ta waya.

Mutanen da har yanzu ba su ga gawar iyayensu da 'yan uwansu da aka kashe a 2014 ba, sai ga shi an sake hana su yin bankwana da mamatansu yadda addini ya tanada.

Tarukan tunawa da cika shekaru shida da harin, a ranar 3 ga Agustan 2020, akasarinsu ta intanet aka gudanar da su. A ranar 1 ga Oktoba kuma babban jagoran addinin, Baba Sheikh Khurto Hajji Ismail, ya rasu a birnin Erbil. Shi ne ya ba da sanarwar da ta buɗe ƙofar karɓar matan da suka kuɓuta daga hannun IS a matsayin cikakkun Yazidawa. Mabiyansa da ke ƙetare sun bi jana'izarsa ne ta allon waya.

Tsohon rauni

Likitocin ƙwaƙwalwa sun bayyana cewa zaman kulle, da jin labarin mace-mace kullum, da rashin sanin abin da gobe za ta haifar, na iya tayar da tsohon firgici ga wanda ya taɓa zama a tsare.

Farfesa Jan Ilhan Kizilhan, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi aiki a shirin jihar Baden-Württemberg ta Jamus na kwaso mata da yara kimanin 1,100 daga Iraƙi, ya gudanar da bincike a wani sansanin Yazidawa a arewacin Iraƙi. Ya gano cewa alamomin firgici da baƙin ciki mai tsanani sun ƙaru bayan ɓullar annobar idan aka kwatanta da watannin da suka gabace ta.

A Lincoln, kamar sauran biranen Amurka, ganawa da masu ba da shawara ta koma ta waya da bidiyo. Hakan ya rage wahalar sufuri, amma macen da ke zaune a gida cike da jama'a ba ta da wurin da za ta keɓe ta faɗi abin da ba ta so 'ya'yanta su ji.

Abin da al'ummar ta dogara da shi shi ne zumunci. Iyalai sun riƙa ajiye wa marasa lafiya abinci a bakin ƙofa, ana haɗa gudummawa ga wanda ya rasa aiki, ana kuma kiran juna ta bidiyo tsakanin Nebraska da Jamus da Duhok. Noman kayan lambu, wanda shi ne sana'ar mutanen Sinjar tun kaka da kakanni, ya zame wa wasu iyalai hanyar shan iska da rage kuɗin cefane.

Dangin da aka bari a baya

Kusan kowane gida a Lincoln na da dangi a sansanonin da ke lardin Duhok, inda Yazidawa kimanin 200,000 ke gudun hijira lokacin da annobar ta ɓulla. Dokar hana zirga-zirga ta tsayar da aikin ƙodago da suke samun na abinci da shi, ƙungiyoyin agaji kuma suka rage ayyukansu. Ke nan buƙatar a aika kuɗi gida ta ƙaru a daidai lokacin da aljihun masu aikawa ya yi rauni.

Daga watan Yunin 2020 dubban iyalai suka bar sansanonin suka koma Sinjar, duk da rusassun gidaje da nakiyoyin da aka binne. A watan Yuli ƙungiyar Amnesty International ta ce yara kusan 2,000 da suka kuɓuta daga hannun IS na fama da matsalolin lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa. A farkon 2021 aka samu jerin matasa da suka kashe kansu a sansanonin.

Hanyar haɗuwa da dangi ita ma ta toshe. A watan Maris na 2020 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka dakatar da jigilar 'yan gudun hijira na wani lokaci. Dama gwamnatin Trump ta rage adadin da Amurka za ta karɓa zuwa 18,000 a shekarar kasafin kuɗi ta 2020, sa'annan 15,000 a ta 2021. Waɗanda suka shiga ƙasar a kowace daga cikin shekarun biyu ba su kai 12,000 ba.

Bayan annoba

An fara allurar riga-kafi a Amurka a watan Disambar 2020, kuma a cikin 2021 aka riƙa sassauta ƙa'idojin taro. Bukukuwan auren da aka ɗage suka dawo, cibiyoyin al'umma suka sake buɗe ƙofofinsu.

Shekarar ta 2021 ta zo da wasu abubuwa da Yazidawa suka daɗe suna jira. A watan Fabrairu aka sake binne mutum 104 a Kocho bayan an tono su daga manyan kaburbura an kuma gano ko su wane ne. A ranar 1 ga Maris majalisar dokokin Iraƙi ta zartar da dokar biyan diyya ga matan da suka tsira. A watan Nuwamba wata kotu a birnin Frankfurt na Jamus ta yanke wa wani ɗan IS hukuncin ɗaurin rai da rai bisa laifin kisan ƙare dangi, karo na farko a duniya kan abin da aka yi wa Yazidawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a watan Mayun 2023. A watan Satumbar 2024 wa'adin tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya mai binciken laifukan IS a Iraƙi ya ƙare, sa'annan a Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da shirin karɓar 'yan gudun hijira.

A lokacin da aka cika shekaru 10 da harin Sinjar a 2024, mutane fiye da 2,500 daga cikin waɗanda aka sace ba a ji ɗuriyarsu ba, kuma akwai manyan kaburbura da dama da ba a kai ga tonawa ba. Ga iyalai da yawa a Lincoln, zaman makokin da annoba ta katse sun samu damar kammala shi, amma na waɗanda suka ɓace tun 2014 har yanzu yana jiran a gano inda suke.